Wai laifina ne da nake zaune a ƙauye

Jiya na dawo daga Dutse da rauta, wato na'urar kama intanet, a cikin leda, kamar wanda ya kai mara lafiya asibiti aka ce ya koma gida ya ci gaba da addu'a. Har yanzu zuciyata ba ta huce ba. A kan tudun bayan makaranta nake rubuta wannan, don nan ne kaɗai ake samun sanda biyu ta sabis a garinmu, shi ma sai ka juya wa gabas baya.

Kuɗin wata guda cur na biya. Ta yi aiki kwana 9, daga nan jar wuta ta kama, zuwa jiya kwana 18 ke nan. Babu dabarar da ban yi ba. Na cire layi na goge da bakin riga. Na sa ta a robar fenti saboda rana, na ɗaure a kan gora na kafa a saman zaure, har yaran unguwa suna tambayata ko tarkon kurciya ne. Na kira lambar masu kula da kastoma, inji ya ce danna ɗaya, danna uku, ya sa mini kiɗa, ina cikin jira kiran ya yanke. Me ya yanke shi? Rashin sabis ɗin da na kira in yi ƙorafi a kai.

Shi ne na ɗauki izini a makaranta, na hau acaɓa zuwa Jahun, na shiga mota zuwa Dutse. Tun ƙarfe goma nake kan layi a ofishin kamfanin, sai bayan azahar aka zo kaina. Yaron da ke bayan teburin ba zai girmi ɗana na biyu ba. Na yi sallama. Idonsa na kan wayarsa, bakinsa na taunar cingam. Na sake sallama, sai ya ɗago rabin fuska.

"Baba, mene ne?"

Na kwance leda na ajiye rauta, na ajiye rasit a gefenta, na yi masa bayani tun daga farko, a tsanake, yadda nake yi wa 'yan aji huɗu. Ya bari sai da na kai aya.

"Ka kashe ka kunna?"

Na ce, "Ɗana, na kashe na kunna har makunnin ya fara gane yatsana."

Bai yi dariya ba, ni ma ba don dariya na faɗa ba. Ya ce a ina nake. Na gaya masa sunan garinmu. Ya ƙwanƙwasa kwamfuta, ya yamutsa fuska, ya juya ga wata da ke teburin kusa ya maimaita sunan yana jan ƙarshensa, kamar sunan wata cuta. Ita ce ta yi dariyar. Garin da aka binne kakana, garin da ke da masallacin Juma'a tun kafin a haifi uban yaron nan.

"Ai Baba wajen nan 4G ɗinmu bai kai sosai ba. Wa ya ce ka sayi rauta?"

Wa ya ce? Ku ji fa. Mutanensu ne suka zo ranar kasuwa da lema da lasifika da kiɗa, suka saka riguna masu tambarin kamfani, suka rantse cewa ko a cikin rumbu ka ajiye ta za ta kama. Ranar karɓar kuɗi garinmu yana cikin taswira. Ranar ƙorafi ne ya ɓace.

Na danne zuciya na ce to, kwanakina 18 da suka ƙone fa? Ya ce ba a mayar da kwana, yana cikin sharuɗɗa. Na ce waɗanne sharuɗɗa? Ya ce suna shafinsu, in shiga in karanta. In shiga da me, ɗana? Da jar wutar?

A nan ne ya ture mini rautar da bayan hannu, ya faɗi maganar da ta hana ni barci:

"Ku a can ma me kuke yi da intanet haka? Ba TikTok ba ne? Na gaba!"

Tunda bai tsaya jin amsa ba, bari in ba shi a nan. 'Yata ta gama sakandare, duk wani abu na JAMB da duba sakamakon NECO sai ta intanet. Ƙanena yana da POS a bakin kasuwa, idan sabis ya ɗauke mutum ya sayar da akuyarsa ya tsaya yana kallon "alat" da ba ya zuwa, mai saye kuma ya rantse an cire masa. Masu riɗi da zoɓo suna so su ji farashin Maigatari kafin dillali ya yanka su. Rabin takardun neman aiki da na tallafi na garin nan a zaurena ake cike su, shi ya sa na ci bashi na sayi sola da batir na haɗa da rautar. Wannan ne TikTok ɗinmu.

Ba yau aka fara ba kuma. Bara suka sayar mini da wanda suke kira mara iyaka, ashe iyakar tana ɓoye: kana cinye wani adadin giga sai su shaƙe gudun, hoto ɗaya ya riƙa buɗewa layi-layi kamar ana saƙa tabarma. Ƙarfen sabis ɗin da muke dogara da shi janareto ke riƙe da shi. Gas ya ƙare, mu shiga duhu. Ɓarayi su kwashe batir, mu shiga duhu. Masu aikin titi su datse waya a wani wuri da ba mu taɓa zuwa ba, mu shiga duhu. A duk wannan, agogon kwana 30 bai taɓa tsayawa ko na minti ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma in na tsaya kan yaron nan kaɗai, na bar jaki ina dukan taiki. Wa ya tura mu intanet ɗin dole? A ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN ko a rufe, tsofaffi suka kwana a layi. A farkon 2023 aka canja kuɗi, takardar naira ta ɓace, aka ce mu koma tiransifa, a garin da sai ka hau tudu kafin ka aika gaisuwa. Gwamnatin da ta yi wannan ita ce ta rubuta tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, ta ce kashi 70 cikin 100 za su samu mai sauri, ƙauye zai samu gudun megabit 10, giga ɗaya ba zai wuce naira 390 ba. Su zo zaurena su auna. Abin da muka gani da idonmu shi ne Janairun 2025, da aka amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Wannan kam bai yi ɓatan hanya ba, ya iso garinmu a kan lokaci. Tun dokar sadarwa ta 2003 akwai asusu na musamman don kai sabis karkara, shekara sama da 20 ke nan. Kuma wai a Jigawa, jihar da tun zamanin Saminu Turaki ake mana kirarin kwamfuta da intanet, har da makarantar koyon kwamfuta a Kazaure. 'Yan majalisarmu kuwa sun fi kowa sanin inda sabis yake a garinmu, domin a kan tudun nan suke tsayawa su amsa waya lokacin kamfe.

Mu ma da namu. Mutum ya fi ashirin a ofishin nan, kowa da irin ciwona, amma da yaron ya yi maganar ba wanda ya ce uffan. Wani dattijo ne ma ya ja hannun rigata ya ce, "Malam, yi haƙuri, kar su ƙi duba namu." Haƙurin nan ne suke sayar mana duk wata, mu kuma muna biya.

Muna kusa da Jahun a hanyar dawowa wayata ta yi ƙara. Saƙonsu ne, ya shigo sumul ba tangarɗa: saura kwana 3 kuɗina su ƙare, in hanzarta sabuntawa don in ci gaba da morewa.