Me Ya Sa Muke Tausayin Ƙarfe?

A gidajen kallo na Jos, musamman inda ake nuna fassarar finafinan Indiya, ba abin mamaki ba ne ka ga magidanci ya yi tsit, idanunsa sun kawo ruwa, don kawai ana kwance wani mutum-mutumi gaɓa-gaɓa, alhali ya san sarai cewa ƙarfe ne da wayoyi. Wasu na kiran wannan wauta, ni kuwa ban yarda ba.

Zuciyar ɗan Adam ba ta jiran hujja kafin ta ga rai a jikin abu. A shekarar 1944 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Fritz Heider da Marianne Simmel, sun nuna wa mutane gajeren fim wanda babu komai a cikinsa sai zane mai kusurwa uku guda biyu da da'ira ɗaya suna yawo a kewayen wani zanen akwati, amma yawancin masu kallo labarin mutane suka bayar: ga azzalumi, ga wanda ake bi, ga mai neman mafaka. A 1966 kuma masanin kwamfuta Joseph Weizenbaum ya rubuta manhajar ELIZA, wadda aikinta shi ne ta juya maganar mutum ta mayar masa a sigar tambaya, amma sakatariyarsa, wadda ta san manhaja ce, ta nemi ya fita daga ɗakin domin ta yi magana da manhajar a keɓe. Duk wanda ya taɓa ganin yarinya ta goya 'yar tsana tana jijjigawa ya san wannan ɗabi'a.

Masu shirya finafinai sun san inda za su taɓa. Sun kuma san iyakar da masanin Japan Masahiro Mori ya bayyana a 1970, cewa idan kamannin na'ura da mutum ya yi yawa amma bai cika ba, sha'awa kan koma ƙyama da tsoro. Shi ya sa sukan ba ta manyan idanu da tambayoyi irin na yaro.

Sai dai babban dalilin, a ganina, shi ne matsayin da ake ajiye ta a labarin. Tun wasan kwaikwayon mutum-mutumi da marubucin ƙasar Czech, Karel Čapek, ya rubuta a 1920, an ƙera waɗannan halittu ne domin su yi wa mutum bauta a masana'anta. Na'urar tana aiki ba albashi, ba ta da ikon cewa a'a, ana magana a kanta tana tsaye kamar ba ta wurin, kuma ranar da ta gaza sai a kashe ta a sayo sabuwa. Mai kallo a Unguwar Rogo ko Gangare ya san wannan rayuwa ciki da bai, domin ko dai ya yi yaron shago shekara da shekaru aka sallame shi hannu rabbana, ko kuma akwai 'yar aiki a gidansu da ke wanke-wanke da asuba cikin sanyin Jos kafin kowa ya tashi. Idan na'urar ta ɗaga kai ta tambayi maigidanta laifin da ta yi, tambayar da shi bai samu bakin yi ba ce ake yi a gabansa.