Kishiya a Bokitin Shara

Lokacin da nake karatu a Manchesta ta ƙasar Ingila, bizar ɗalibai ta yarje mana aikin awa 20 a mako, kuma yawancin abokaina sun rarrabu tsakanin gadin kantuna da wankin kwanuka a gidajen abinci. Ni rabona ya faɗo a Prestwich, unguwar da ke arewacin birnin inda Yahudawa suke da yawa, a ɗan shagon wata dattijuwa da ke narka gilashi tana ƙera kayan ibada da na adon gida irin na addininsu. Ranar da ta ɗauke ni aiki tambaya ɗaya ta yi mini, ko ina tsoron ganin jini, da na ce a'a sai ta nuna mini inda akwatin filasta yake. Da farko bakina yakan suɓuce in kira ta Hajiya, daga baya muka daidaita a kan Gwaggo, ita kuma tana kirana ɗana.

Na shiga aikin da hoton Masagan Bida a kaina, mutanen da ke zama gaban wuta tana ruri suna narka kwalabe suna fitar da duwatsun wuya da awarwaro. A shagon Gwaggo ban taɓa ganin harshen wuta ba. Akwai tanderun lantarki guda biyu masu murfi, akwai teburin yanka, akwai kuma wurin wanki, wanda a gabansa na ƙare mafi yawan awoyina, domin duk guntun gilashin da zai shiga tanderu sai an wanke shi an goge shi tas. Shatin yatsa guda, ko ɗan man da ke bakin abin yanka, ya isa ya bar wani hazo fari a fuskar kayan bayan an gasa, kuma mai saye ba zai biya kuɗin hazo ba. Bayan wanki sai kankare allunan da ake ɗora kaya a kansu cikin tanderu, a sake shafa musu wani farin ruwa mai hana gilashi mannewa, a jira su bushe.

Ita kuwa Gwaggo tana zaune da takardar zane, tana jera yankakkun gilashi masu launi hawa biyu a kan juna, saboda narkakken gilashi yana da kaurin da yake so, kimanin milimita 6, wanda bai kai ba ya takure, wanda ya wuce ya malale. Idan ta gama jeri sai a rufe tanderu ya hau a hankali zuwa wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, ya sauko ya daɗe a tsaye a digiri 482 domin ciki da wajen gilashin su huce tare, sannan a bar shi ya kwana yana sanyi. Wanda ya ɗaga murfi don leƙe kafin lokaci, ƙarar tsagewa ce za ta amsa masa sallama. Abin da za a lanƙwasa, kamar farantin Idin Ƙetarewa mai gurbi 6, wato idin da Yahudawa suke tunawa da fitarsu daga Masar, sai ya sake komawa wuta a kan wani mazubi da zafin da bai kai na farko ba. Fitilar Hanuka kuma, idinsu na kunna kyandir, mai mazaunin kyandir 9, sai guda 8 sun daidaita a layi ɗaya, na taran ya fita daban, kuma na ga Gwaggo ta ajiye wata kyakkyawa gefe saboda mazauni ɗaya ya ɗan karkace.

Dokar da ta fi kowace girma a shagon ita ce kada a haɗa gilashin da ba jinsi ɗaya ba. Kowane gilashi yana da gwargwadon yadda yake buɗewa in ya ji zafi da yadda yake tsukewa in ya huce, kuma masu sana'ar suna kiran manyan jinsunan biyu da lamba, 90 da 96. Gwaggo 'yar 90 ce, daga kamfanin Bullseye na birnin Portland a Amurka ake kawo mata, da tsada mai sa mutum ya riƙe numfashi idan yana ɗauke da fallen ja ko ruwan hoda. In aka narka jinsi biyu wuri guda, kayan kan fito lafiya lau a ido, sai bayan kwana biyu ko wata biyu, yana ajiye ba wanda ya taɓa shi, ya tsage da kansa.

Aikin da ya fi kawo mata ciniki shi ne na sababbin aure. A ƙarshen ɗaurin auren Yahudawa, ango yakan taka kofin gilashi da aka naɗe a ƙyalle ya farfasa shi a gaban jama'a, don tunawa da rushewar Haikalinsu na birnin Ƙudus ko a tsakiyar murna. Ma'aurata da yawa ba sa zubar da gutsattsarin. Sukan aiko wa irin su Gwaggo a mayar musu da shi gidan mezuza, wato ɗan siririn kwanson da ake kafawa a gefen dama na ƙofa, wanda a cikinsa ake saka naɗaɗɗiyar fata mai layi 22 na ayoyin Attaura da marubuci na musamman ya rubuta da hannu. Wanda ya sayi kofinsa a shagon tun kafin biki, gutsattsarinsa ana narka su a jikin kwanson, tunda jinsinsu sananne ne. Wanda ya fasa kofin gidansu kuwa, ba a kusantar da shi ga wuta, sai dai a ɗura gutsattsarin cikin wani siririn bututu mai haske a haɗa da kwanson.

Duk wannan na san shi a baki. Abin da ban taɓa gani ba shi ne gutsattsarin a waje da jakunkunansu, domin Gwaggo ita kaɗai take buɗe su.

Wata Juma'a ce cikin Disamba, ana tsakiyar hidimar Hanuka, kuma a irin wannan lokaci rana tana faɗuwa a Manchesta kafin ƙarfe 4. Gwaggo mai kiyaye Asabar ce, tun azahar take barin shago don ta gama girki ta kunna kyandir kafin faɗuwar rana. Na dawo daga masallaci na same ta tana saka riga a gurguje, ta miƙo mini makulli ta ce, "Ɗana, ka gyara wurin nan kafin ka rufe, ba na son in zo Lahadi in tarar da ɓarɓashi ko ɗaya." Ni kuma ɗan gidan da ake tashin yaro da asuba a ba shi tsintsiya ne, kuma an yi mini magana a kan abin da na fi iyawa. Na share ƙasa, na share ƙarƙashin teburori, na goge tagogi. A kan kantar da ke kusa da wurin wanki na tarar da farantan takarda biyu cike da fasasshen gilashi shuɗi, na yi mamakin yadda mace mai tsabta irin Gwaggo za ta bar shara a faranti, na juye su duka a bokiti, har na girgiza bokitin don ya ƙara cin kaya.

Sai da na zo jefa farantan na ga rubutu a bayansu. Kowanne yana ɗauke da sunan ango da amarya da ranar biki, ɗaya an rubuta a narka, ɗayan an rubuta kofin kakar amarya ne, kada ya ga wuta. Wanke su ta yi ta shanya.

Na kira wayarta, tana kashe, kuma a nan na tuna cewa daga faɗuwar ranar Juma'a har zuwa daren Asabar, kimanin awa 25, Gwaggo ba ta taɓa waya, ba ta kunna fitila, ba ta shiga mota. Na tsaya a tsakiyar shagon da ya fi kowane lokaci ƙyalli, da auren mutum huɗu a cikin bokiti, haɗe da ƙurar mako guda da ɓawon lemo da ganyen shayi.

Na shimfiɗa farar takarda a teburin yanka, na juye bokitin, na ɗauko hantsaki da tocilan ɗin wayata. Wanda ya taɓa tsince tsakuwa daga shinkafar gida ya san rabin aikin, sai dai ita shinkafa ba ta yankan yatsa. Cire shuɗi daga cikin sauran launuka bai ba ni wuya ba. Wuyar tana wajen raba shuɗi da shuɗi. Na riƙa ɗaga kowane guntu ina haska shi, na gano cewa kofin shago siriri ne, launinsa yana da haske, da 'yan ƙananan kumfa a jikinsa saboda da baki aka hura shi, na kaka kuma yana da zanen da aka sassaƙa da ɗan zaren ruwan zinariya a leɓensa. Manyan guntaye suna faɗin gidansu da kansu. Ƙananan, waɗanda ba su kai ƙwayar gero biyu ba, su ne suka cinye mini daren Juma'a da wunin Asabar, ba tare da an rubuta mini ko awa ɗaya a takardar albashi ba.

Can wajen tsakar dare wata sabuwar fitina ta ɓullo. Akwai shuɗi na uku, mai kauri, mai duhu, mai santsi, wanda bai yi kama da na shago ba, bai kuma yi kama da na kaka ba. Faranti biyu na zubar, sunaye huɗu na karanta, to wannan na wane ne? Na sake duba bayan farantan, na bincike kanta ko akwai na uku da ya faɗa baya, ban ga komai ba. Hankalin da bai yi barci ba ba ya rasa bayani, nan take na yanke cewa ɗaya daga cikin angwayen kofi biyu ya taka, kuma duk Bahaushen da ya ga gida ɗaya da kaso biyu ya san abin da ake nufi. Na ware wa kishiyar nan takardarta daban, na tattara ta da ladabi fiye da sauran, domin a irin wannan rabo wanda aka tauye shi ne yake kai ƙara.

Na san Asabar tana fita ne idan taurari uku suka bayyana, don haka da magariba na fita ƙofar shago na ɗaga kai. Sararin Manchesta a Disamba gajimare ne da yayyafi, ko wata bai leƙo ba, balle tauraro. Mutanen unguwar da jadawali suke aiki, kuma na ga fitilun kantuna sun fara kamawa, amma na ɗauki rashin taurarin a matsayin uzurin da ya ishe ni in bar kiran sai da safe.

Lahadi Gwaggo ta shigo ta tarar da ni a zaune da filasta a yatsu shida da tuli uku a gabana. Na ba ta labari tun daga tsintsiya har zuwa hantsaki, tana saurare ba ta ce uffan ba, har na iso kan tuli na uku na sassauta murya na bayyana mata abin da nake zato. Ta ɗauki guntu ɗaya ta juya shi, ta zauna a kujera, ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share ido. Kwalbar giyar inabi ce, irin shuɗiyar nan, wata maƙwabciya ta ba ta ita ba komai a ciki tana saka fure, ta faɗo daga taga ranar Alhamis. Kishiyar da na kwana ina yi wa adalci ke nan, ni da ko ƙofar mashaya ban taɓa tsayawa ba.

Da dariyar ta lafa sai ta koma mai sana'a. Ba ta yarda da idona ba, ba ta kuma yarda da nata ba. Ta ɗebi 'yan ƙanana daga tulin da na ce na kofin shago ne, ta jera su a kan gilashi mara launi mai lamba 90, ta gasa, washegari ta sa shi tsakanin wasu ledoji biyu masu tace haske ta ɗora a kan fitila. Guntun da ya dace yakan zauna baƙi wuluk, wanda bai dace ba sai wani farin haske ya kewaye shi, alamar yana ja da maƙwabcinsa. Biyu daga cikinsu suka yi haske. "Ka kai 'ya'yan kaka gidan da ba nasu ba," in ji ta. A ƙarshe manyan guntayen da ba shakka a kansu kaɗai ta yi aiki da su, kuma sun isa, tunda gidan mezuza bai fi cin cokali ɗaya ko biyu ba. Ƙananan duka ta ƙi su, ta ce ba za ta kafa wa mutane abin da ba ta da tabbacin nasu ne a ƙofa ba.

Ta kuma ɗauki waya ta gaya wa gidajen biyu abin da ya faru, ina tsaye ina ji. Na farko suka ce ba komai. A gida na biyu, wato masu kofin kaka, uwar amarya ce ta ɗauka, ta yi tambayoyi masu yawa, daga bisani ta ce a ba ta wanda ya yi sharar. Na karɓi wayar ina jiran abin da ya sauwaƙa. Ta tambaye ni ko gaskiya ne har ƙarƙashin teburori na share, na ce gaskiya ne. Sai ta ce kafin Idin Ƙetarewa sukan kakkaɓe gida ɗaki bayan ɗaki har sai ba a bar ɓarɓashin burodi ko ɗaya ba, kuma ta daɗe tana neman mai hannu irin nawa, nawa nake karɓa a awa? Ina shirin faɗin farashi Gwaggo ta fizge wayar ta ce mata awoyina 20 duka an riga an saye su, kuma allunan tanderu suna jirana.