Wa ya ce yajin aikin 'yan danfo ya daina cizo?

Tun da jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Agbado da Oyingbo ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, wata magana ta samu gindin zama a bakin ma'aikatan ofis: wai yajin aikin direbobin danfo, wato ƙananan motocin haya na Legas, ya zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Hujjarsu ita ce ga jirgi, ga manyan motocin bas na BRT, ga tasin Bolt da ake kira ta waya, in ma ta ɓaci mutum ya buɗe kwamfuta ya yi aikinsa daga ɗaki. Maganar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wane ɗan dako ne a kasuwar Mile 12 zai sauke kwandon tumatir ta intanet? Wane mai shayi ne zai kira Bolt alhali kuɗin tafiya ɗaya ya cinye ribar wuninsa, musamman bayan cire tallafin mai a Mayun 2023? Yajin aiki bai rasa haƙora ba, masu hali ne suka tsere masa, ya koma kan talaka shi kaɗai.

Ranar 31 ga Oktoban 2022, da direbobi suka ajiye makulli saboda kuɗin da 'yan agbero, wato 'yan kamashon tasha, ke tatsa a kowace tasha, na tarar da wani dattijo maigadi a bakin titi a Agege. Tun bayan sallar asuba yake tsaye, ledar kayan aikinsa a hammata, motocin da suka fito kuwa sun tsawwala kuɗi. Na ce, "Baba, ka koma gida mana." Ya ce, "Ɗana, in ban je ba wani za su ɗauka."

A da, irin wannan rana 'yan acaɓa ne ke fitar da mutane kunya, da yawansu kuma yaranmu ne daga Arewa. To, watanni kaɗan kafin yajin gwamnati ta riga ta hana su aiki a ƙananan hukumomi 6, ciki har da Ikeja da Apapa, ta ƙara 4 a watan Satumba, har da Kosofe da Mushin, wato inda Mile 12 da Idi-Araba suke. An toshe ƙofar tsira, sannan ana mamakin ganin jama'a na taka sayyada da gumi sharkaf. Masu cewa an yi don tsaro ne sai su faɗa mana abin da aka ba fasinja a madadi.

Ba na ƙin jirgi, alheri ne. Amma dogo ba ya shiga lungu. Wanda zai hau a tashar Agege sai danfo ko keke ta kawo shi. Ya kamata gwamnati ta taka wa masu tatsar direbobi birki, ta zuba ƙananan motoci cikin unguwanni, tun kafin direbobin su sake ajiye makulli.