Ku daina kwafo saitin wasu kuna zuba wa tsohuwar kwamfuta

'Yan uwa masu harkar kwamfuta a Katsina, musamman ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Hassan Usman Poli, ina da magana da ku.

Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ta ce sai kwamfuta mai TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro da ke cikin na'ura, 'yan gwanjon laftof ɗin da muke fama da su suka zama marayu. Da yawa sun koma Linux mara nauyi irin su antiX ko Lubuntu, kuma hakan ya yi daidai. Inda nake da ja shi ne abin da ke biyo baya. Yaro zai sa ranger, wato manhajar da ake lalubo fayiloli da ita a cikin taminal, baƙin allon nan na rubutu zalla, sai ya hau intanet ya kwaso saitin wani mai layi ɗari-ɗari ya zuba. Launuka, gumaka, hotuna na fitowa a gefe. Gobe kwamfuta ta fara nishi, ya dawo yana cewa Linux ɗin ma ba ta da sauri. Haba malam! Ka sayi jaki don sauƙi, ka ɗora masa kayan raƙumi.

Ita ranger da Python aka rubuta ta, ko a haka ta fi nnn nauyi, wata manhaja irinta wadda aka rubuta da C. Amma a na'ura mai ram gig biyu tana tafiya lafiya lau in ba a cika mata ciki ba. Abin da mutane ba sa lura da shi: ranger tana karanta saitinta na asali da kanta. Fayil ɗinka na saiti, rc.conf, wanda ke cikin ~/.config/ranger, ba sai ya ƙunshi komai ba, abin da kake son canzawa kawai za ka rubuta.

Ni layin da nake fara sa wa duk wanda ya kawo min kwamfutarsa shi ne set confirm_on_delete always. Dalili kuwa, gogewa a can ba ta bi ta kwandon shara. Ka danna maɓallan dD sannan Enter, fayil ya tafi ke nan. A saitin asali sai ka zaɓi fayiloli da yawa take tambayarka, guda ɗaya kuwa ba ruwanta, ko da furojet ɗinka ne na shekarar ƙarshe. Sai set show_hidden true in kana yawan taɓa ɓoyayyun fayiloli, kodayake danna zh ma na yin wannan aikin nan take.

Inda ya cancanci ka zauna ka ɓata lokaci shi ne rifle.conf. Shi ke yanke wace manhaja za ta buɗe wane fayil, kuma daga sama yake karantowa, layin farko da ya dace shi ke ci. To ka ɗaga zathura sama don PDF, mpv don bidiyo. In ba haka ba wata rana ka danna takardar lacca, burauza ta taso ta cinye ram ɗin gaba ɗaya, ga batir saura kaɗan, ga NEPA sun ɗauke tun azahar.

Nuna hoto a gefe kuwa, bar shi a kashe yadda ya zo. In za ka kunna shi, sai ka ƙaro manhajar w3m ko makamancinta, kuma duk hoton da ka bi ta kansa sai na'ura ta yi aikin zana shi.

Wanda ya ga maɓallan ranger irin su hjkl na zirga-zirga da yy da pp na kwafi da liƙawa sun ɗaure masa kai, ya sa Midnight Commander. Tun 1994 take, allo biyu gefe da gefe, F5 kwafi, F6 matsarwa, duk a rubuce a ƙasa. Kwashe fayiloli daga filash zuwa filash, ban ga wadda ta kai ta sauƙi ba.