Fankokin teku: kuɗin a gaɓa yake sauka

Daren Juma'a ƙanena ya turo mini wani hoto ta WhatsApp. Fararen fankoki ne masu samar da wutar lantarki daga iska, jere a tsakiyar teku, a ƙasa an rubuta wai ka zuba jari yau ka kwashi riba duk wata. Sai ya biyo da saƙon murya: "Yaya, ku da kuke Ingila, wannan harkar gaskiya ce? Kuɗin filin nan da na sayar suna nan a ajiye." Na ce masa ya ƙara ɗaure bakin jakarsa tukuna. To, tun da na san ba shi kaɗai ake tura wa irin wannan hoto ba, bari in baje maganar a nan kowa ya ɗauki rabonsa. Rubutun zai yi tsawo, a yi haƙuri.

Harkar gaskiya ce, kuɗi kuma akwai su har sun fi ƙarfin lissafina. Inda ake yaudarar mutane shi ne wajen nuna musu inda kuɗin yake kwana. Ana nuna maka teku, alhali rabon ɗan kasuwa irina da irinka, in ma akwai shi, a bakin gaɓa yake.

A Hull nake zaune, a bakin kogin Humber da ke gabashin Ingila. In ka biyo ta wajen tashar jiragen ruwa ta Alexandra, za ka hango fukafukan fankokin nan a kwance a fili, farare sol, an jera su kamar an shanya ƙasusuwan wata dabbar da ba a taɓa gani ba. Ranar da na fara tsayawa na ƙare musu kallo, sai da na ji ni ɗan mitsitsi. Sababbin da ake ƙerawa yanzu, fiffike ɗaya mita 108 ne ko fiye, wato ya fi filin ƙwallon ƙafa tsawo. Uku ake ɗaura wa kowace fanka. Abin da ya fi ba ni mamaki, yawancin aikin da hannu ake yin sa: mutane ne ke shimfiɗa zaren gilashi da wani katako mara nauyi a cikin wani ƙaton mazubi, a ɗura masa ƙaro, a gasa, a fito da shi a goge. Kamfanin Siemens na Jamus da kamfanin da ke riƙe da tashar suka haɗa fam miliyan 310 suka gina wurin, fiffiken farko ya fito a ƙarshen 2016. A farkon 2017 har ɗauko guda suka yi, mai mita 75, suka gitta shi a dandalin tsakiyar gari, mutane na wucewa ta ƙarƙashinsa suna ɗaukar hoto. A 2021 aka sanar da ƙarin fam miliyan 186 don faɗaɗa masana'antar. Yau mutum sama da dubu ne ke cin abinci a ciki.

Tsallaken kogi kuma akwai Grimsby. Wannan garin a shekarun 1950 yana cikin manyan tashoshin kamun kifi na duniya baki ɗaya. Sai rigimar kifi ta ɓarke tsakanin Birtaniya da Aisland, aka yi ta ja har 1976, Aisland ta kafa iyakar mil 200 a ruwanta, jiragen Grimsby da na Hull suka rasa wurin jefa koma. Garuruwan biyu suka durƙushe. Akwai wani dattijo maƙwabcina da mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa a jirgin kifi. In yana ba ni labarin lokacin, ba ya kallon fuskata, taga yake kallo. Jikansa yanzu makanikin fanka ne. Mako biyu yake yi a cikin jirgi a tsakiyar teku, ya dawo gida ya huta mako biyu. Na taɓa ganin jakarsa a buɗe a bakin ƙofa: igiyoyin ɗaure ƙugu, hular kwano, rigar da ke hana sanyin ruwa kashe mutum, da ƙwayar hana jiri. Ya ce mini ranar da teku ta yi fushi, taka ƙafa daga jirgi zuwa tsanin fanka ya fi duk sauran aikin wuya.

Fankokin da yake yi wa hidima ba a ko hango su daga gaɓa. Tashar fankoki ta Hornsea ta ɗaya tana da nisan kusan kilomita 120 a cikin Tekun Arewa, fankoki 174, megawat 1,200 da ɗoriya. Hornsea ta biyu, wadda ta kammala a 2022, fankoki 165, ta haura megawat 1,300. Kamfanin Ørsted na Denmak ne ya gina su, kuma daga Grimsby yake kula da su. Mai karatu a Kano ko Zariya ya kwatanta da megawat dubu huɗu zuwa biyar da ake rabawa duk Najeriya a yawancin ranaku, zai gane girman abin.

Ga inda nake so a tsaya a duba da kyau. Gina irin wannan tasha shekara biyu ne zuwa uku, kuma wasan manya ne. Jirgin da ke kafa fanka a teku, mai ƙafafu da yake sokawa a ƙasan ruwa ya ɗaga kansa sama, ƙalilan ne a duniya, hayarsa ta kwana ɗaya ta isa ta gina unguwa. Injinan kuwa, in ka cire na ƙasar Sin, kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwar: Siemens Gamesa, Vestas da GE. Babu ƙofar da ƙaramin ɗan kasuwa zai bi ya shiga nan. Amma da zarar an gama gini, fankar za ta yi shekara 25 ko fiye tana juyawa a cikin gishiri da guguwa, kuma kullum tana neman hidima. Wani zai kai ma'aikata da ƙaramin jirgi. Wani zai sayar wa jirgin mai, wani ya dafa abincin da za a ci a ciki, wani ya wanke kayan aiki. Akwai masu fenti, masu walda, masu hawa da igiya su like tsagewar fiffike, masu duba wayar da aka binne a ƙasan teku, masu ajiyar kayan gyara, masu masauki, masu motar haya da ke kai ma'aikata tasha da asuba. Akwai makarantun da ke ba da takardar shaidar tsaro, domin ba wanda zai taka fanka sai ya koyi aiki a sama, da ceton kai a ruwa, da kashe gobara, da taimakon gaggawa, kuma bayan shekara biyu sai ya sabunta. Wannan kuɗin ba ya yin ƙara, ba a yanka masa kintinkiri, amma shi ne yake zama a gari. Shi ne ya sa tsohuwar tashar kifi ta sake jin ƙarar injin jirgi da sassafe.

Kada dai a ɗauka duk garin da ke kallon fankoki ya warke. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A yankin Fife na Skotland akwai wani kamfani, BiFab, da ke ƙera ƙafafun ƙarfen da ake dasa fanka a kansu. Aka zo gina tashar Neart na Gaoithe, fankoki 54, kusan kilomita 15 kacal daga gaɓar Fife ɗin. Ma'aikata suka sa rai. Ƙarshenta ƙafafun daga Indonesiya aka ƙero su, aka ratso rabin duniya da su a jirgi, aka wuce ta ƙofar masana'antar da ke zaune babu aiki. Na tashar Seagreen kuma aka ba wa Sin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Gwamnatin Skotland ta zuba miliyoyin fam don ceto kamfanin, duk da haka a Disambar 2020 ya faɗi. Wata biyu kafin nan Firaministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya tsaya yana cewa Birtaniya za ta zama Saudiyyar iska. Mai walda a Fife da ya ji wannan magana, ban san da wane ido ya kalli talabijin ɗinsa ba.

Me ya raba Hull da Fife? A ganina, shiri ne tun kafin a buga gangar. Tun ran gini, tun ran zane. A Hull an cike ruwa an yi fili mai faɗi, an gina matsayar jirgi da za ta ɗauki nauyin kaya masu ɗaruruwan tan, ƙaramar hukuma da masu tasha da kamfani suka zauna shekaru kafin a aza tubali, kwalejoji suka fara horar da yara. A Fife filayen tsofaffi ne, na zamanin aikin man fetur, ba a zuba musu jarin da za su yi gogayya da farashin Asiya ba. Mai gina tashar fankoki kuwa ba ɗan uwanka ba ne. Gwamnati ta matse shi a kan farashin wuta, shi ma dole ya matse na ƙasa da shi, duk inda ƙarfe ya fi araha can zai nufa.

Maganar farashin nan ita ce zuciyar harkar, kuma ita ce masu tallan WhatsApp ba sa taɓawa. A Birtaniya gwamnati na yin gwanjo: kamfanin da ya yarda zai sayar da wuta a farashi mafi sauƙi, shi ake ba wa tabbacin wannan farashi, da na shekara 15, a 2025 aka mayar da shi 20. A 2015 ana maganar kusan fam 115 zuwa 120 ne a kan kowane megawat na awa ɗaya, a lissafin darajar kuɗin 2012. Zuwa 2019 ya faɗo ƙasa da fam 40 ga wasu tashoshin. A 2022 ya kai fam 37.35. Kowa na tafi, ana cewa iska ta fi gas araha. Sai ƙarfe ya yi tsada, kuɗin ruwa na banki ya tashi, yaƙin Yukren ya hargitsa komai. A Yulin 2023 kamfanin Vattenfall na Suwidin ya dakatar da aikin Norfolk Boreas, ya ce kuɗin gini ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari. A Satumbar shekarar aka yi gwanjo da rufin fam 44, wato farashin da gwamnati ba za ta wuce ba, ko kamfanin fankokin teku ɗaya bai miƙa hannu ba. Dole gwamnati ta ɗaga rufin zuwa fam 73 a shekarar da ta biyo. Ørsted ɗin da nake yabo, a ƙarshen 2023 ya watsar da manyan ayyuka biyu a gaɓar New Jersey ta Amurka, ya tafka asarar biliyoyin dala, a Mayun 2025 kuma ya janye daga gina Hornsea ta huɗu a yadda aka tsara ta. A Amurka ma, da Trump ya dawo a Janairun 2025, ranar farko ya sa hannu a dakatar da ba da sabon hayar teku ga masu fankoki.

To, jama'a, in Ørsted, kamfanin da gwamnatin Denmak ke riƙe da rabinsa, mai injiniyoyi da lauyoyi rututu, zai yi irin wannan tuntuɓe, wane ne wannan da zai ba ƙanena tabbacin riba duk wata? Iska kyauta ce, gaskiya. Amma kusan duk kuɗin tashar a farko ake kashe shi, kuma bashi ne, sai a yi shekaru ana biya. Kuɗin ruwa ya motsa kaɗan, lissafin ya rushe.

Ni kaina an taɓa cin kuɗina, shi ya sa nake zafi. Shekarun baya wani ya shirya taro a ɗakin wani otal, ya tara mu baƙi 'yan Afirka, kowa ya biya kuɗin shiga, wai zai haɗa mu da kwangilar fankoki. Muka sha shayi da biskit, aka haska mana hotuna, aka ba mu wata takarda mai zanen zinare a gefe. Da na nuna wa jikan maƙwabcina ita, ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini cikin ladabi, ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Lambar mutumin tun ranar ba ta sake shiga ba.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, Arewa ko teku ba mu da ita. Haka ne, kuma har yau babu tashar fankokin teku ko ɗaya da ke aiki a duk Afirka. Iskar gaɓar Legas ma ba ta kama ƙafar ta Tekun Arewa ba. Abin da muke da shi na kusa shi ne fankoki 37 na Lambar Rimi a Katsina, megawat 10 a kan tudu, aikin da ya ci fiye da shekara goma yana jan ƙafa. Ruwanmu a ciki shi ne yaranmu da ke karatu da aiki a Birtaniya, Jamus, Holan da Denmak. Da yawansu sun karanta injiniyan lantarki ko na ƙarfe, suna nan suna aikin da bai shafi karatunsu ba. Wanda ya taɓa aikin mai a teku, a Fatakwal ko Eskrabos, rabin abin da ake nema yana hannunsa. A tuna Denmak da fankoki 11 ta fara a Vindeby a 1991, dukansu ba su kai megawat 5 cikakku ba, yau fanka ɗaya tak tana ba da 14 ko fiye. Tashar Esbjerg da ta yi zamanin kifi ta yi zamanin mai, yanzu ita ce babbar mashigar kayan fankoki a Turai. Waɗanda suka ci moriyar wannan tafiya su ne waɗanda suka koyi sana'ar tun tana ƙarama, suka zauna kusa da tasha.

Ƙanena ya sake kira jiya, ya ce to yanzu me zai yi da kuɗin. Na tambaye shi ɗansa na fari, wanda ya gama kwalejin fasaha, me yake yi. Ya ce yana nan yana gyaran janareto a bakin kasuwa, hannunsa na da kyau. Na ce ya turo mini takardunsa in duba, shi kuma ya goge hoton nan daga wayarsa kafin ya tura wa wani.