Wai Hanyar Ta Gidanku Ta?

Jiya bayan an sauko daga Juma'a ina tsaye kusa da Ƙofar Atiku a nan Sakkwato ina jiran kabu-kabu, sai wani saurayi ya tsaya da mota. Shadda sai ƙyalli, ƙamshin turarensa har inda nake. Ya tsotse ledar fiya wata, ya sauke gilashi ya wurgo ta, ya bi ta da ɓawon ayaba da robar lemo, duk cikin kwalbati. Na ce, "Haba ɗan'uwa, da ka riƙe har gida." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, mi ar ruwanka? Hanyar ta gidanku ta? Ai aikin gwamnati na." Ya ja motarsa.

'Yan'uwana matasa, wallahi maganar nan ta hana ni sukuni. Mutumin da yanzun nan ya fito masallaci, wanda tun yana makarantar allo aka karantar da shi cewa tsarki rabin imani ne, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce! Shi bai kawar ba, ƙari ya yi. Motarsa ya fi so ta zauna fes, gari kuwa ko oho.

Gwamnati ce ta sha ruwan? Gwamnati ce ta ci ayabar? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba na wanke hukuma, tana da nata, amma hannunka ne ya jefa ledar. Ku shiga Tsohuwar Kasuwa da yamma ku ga yadda leda ke tashi kamar tsuntsaye. A cikin unguwanni kuma sai hadari ya haɗu a ba yaro bokitin shara a ce, "Maza ka juye a kwata, ruwa ya tafi da ita." Ina za ta je? Can gaba za ta toshe magudana, ruwa ya koma ɗakin wani talaka a Mabera, sauro ya samu gidan haya, a kwana ana jinyar zazzaɓi. Sannan mu ce ƙaddara ce. Wanda ya tofa yawu sama ai ya san fuskar da zai faɗo wa.

Ko dabbobi ba mu bari ba. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin akuya: dunƙulen leda, baƙi ƙirin. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ita ke kiwon leda a juji tana ramewa.

Masu tsugunawa jikin katangar mutane su yi fitsari da rana tsaka, ku ma ban manta da ku ba. Haka masu zaman majalisa, a ci rake a bar tuƙa tuli guda, kowa kansa na kan waya yana zagin shugabanni a Facebook.

Ku dai gyara, don Allah. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙannenmu mu suke kallo.

Dauri ba haka garin Shehu yake ba. Kakata kafin rana ta fito ta share tsakar gida, ta tura mu da tsintsiya ƙofar gida har zuwa ta maƙwabci. Duba-gari na shiga gida ya leƙa randa, mata na rawar jiki. Zamanin Buhari da Idiagbon kuwa wa ya isa ya yar da shara a titi? Kuma dattijo in ya tsawata wa yaro, sunkuyar da kai yake, ba ya cewa mi ar ruwanka.

Yau da safe na sake bi ta wurin. Ledar tana nan, har ta samu 'yan'uwa.