Kamara a titunan Kaduna: a fara gyara maganar lambar mota

Ni dai ina goyon bayan a kafa kamarori masu karanta lambar mota a titunan Kaduna, irin yadda Legas ta yi a farkon 2025, inda suka yanka tarar naira dubu 50 ga mai gudun wuce kima, dubu 20 ga wanda ya keta danja, kuma tes kawai zai shigo wayarka ba sai an tare ka ba. Kamara ba ta san ɗan wane ba, ba a ce mata oga a taimaka, ba a miƙa mata na goro ta taga, ƴan KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, ma sun huta da cacar baki da direbobi a tsakiyar titi ana haɗa goslo.

Amma fa lamba take gani, ba fuska ba. To a garin nan mota nawa ce takardunta ke ɗauke da sunan mai ita na yanzu? Mutum ya sayi Golf hannu na uku, bai yi canjin mallaka ba, sunan wani bawan Allah ne a can Fatakwal har yau a kai, shi za a tura wa tara kenan. Babura da yawa ba lamba sam, ga manya masu rufe tasu da baƙar fata su bi wanwe da jiniya ba mai cewa uffan. In aka kunna kamara a haka wallahi ƙaramin ma'aikacin da ya yi rajista tsakani da Allah shi kaɗai zai dinga biya. Sai an fara sauƙaƙa canjin mallaka, an haɗa kowace lamba da wayar mai motar, an hana rufe lamba, har motocin gwamnati.

Mun ga irin wannan a 2017, da ƴan Rod Sefti suka tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Tsari ne mai kyau amma bibiya ta yi rauni, duk wanda ya hau motar haya daga Kawo zuwa Zariya ya san irin wutar da ake bai wa mota.

Sai inda za a kafa kamarorin, nan ne na fi damuwa. Kar a duba inda kuɗi zai fi shigowa, a duba inda ake asarar rayuka. Ku tsaya Bakin Ruwa a baifas ɗin Nnamdi Azikiwe da safe ku ga uwa da goyo a baya, ta riƙe hannun ɗan firamare, tana jiran tirela ta wuce tanka na biye da ita kafin ta ruga ta tsallaka. Wurin nan ya fi ko'ina buƙatar kamarar gudu da allon da ke faɗin iyakar gudun ɓaro-ɓaro, da danja mai sola wadda ba ta mutuwa in an ɗauke wuta. Kuma duk wata uku gwamnati ta fito ta faɗa mana haɗari nawa aka yi a wurin, da nawa aka karɓa na tara, da abin da aka gyara da kuɗin.